"Tof gaskit ne" ba gwaji ba ne: zare kan motar da ke tafasa bayan an karɓo ta daga gyara

1/
Jama'a, zare ne yau 🧵 kuma na san kanikawan da ke bibiyata ba za su ji daɗi ba. Ra'ayina shi ne: duk bakaniken da ya ce maka "tof gaskit ne" alhali bai yi gwaji ko ɗaya ba, kada ka bari ya kwance maka inji. Ko da maganarsa ta zo daidai, canka ya yi. Ba a buɗe inji da canki-canka.

2/
Ga irin matsalar da nake nufi. Motarka ba ta taɓa yin zafi ba. Ka kai ta aka canza lagireto, ko famfon ruwa, ko tiyo, ko bel. Ka karɓo. Bayan kwana biyu allurar zafi ta fara hawa. Ka koma gareji, kafin ka rufe baki an ce: "Ai Alhaji gaskit ya ƙone, sai an sauke tof."

3/
Wannan ya shafe mu matasa kai tsaye. Yawancinmu motar da muke ja ta Baba ce, ko ta Yaya, ko wadda aka haɗa kuɗi aka saya ana haya da ita ana biyan kuɗin makaranta. Sauke tof aiki ne na kwanaki, da kuɗin da zai iya cinye ribar wata guda. Murfin lagireto kuwa, wanda sau da yawa shi ne mai laifin, bai kai kuɗin cika tanki ba.

4/
Injiniyanci nake karanta, kuma na yi SIWES ɗina a wani gareji. Ina girmama kanikawa ƙwarai, akwai wanda da kunne kaɗai zai gaya maka abin da ke damun inji. Amma kunne ba ya ganin gaskit. Ido ma ba ya ganinsa, yana matse ne tsakanin tof silinda da gangar jikin inji.

5/
Bari mu fara da yadda abin yake aiki, a taƙaice. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da fetur ke bayarwa ruwa ne ke ɗauke shi. Famfo yana zagaya da ruwan, tamostat yana buɗe masa hanya idan ya yi zafi, lagireto da fanka suna huce shi. Inji mai lafiya yana aiki ne wajen digiri 90 zuwa 105. E, zafi ne sosai, kuma haka aka ƙera shi.

6/
To me ya sa ba ya tafasa, tunda ruwa a digiri 100 yake tafasa? Murfin lagireto. Wannan ɗan murfin da ake rainawa yana riƙe matsin kusan ba 1, kuma matsi yana ɗaga ma'aunin tafasa. Da murfi mai kyau da ruwan sanyaya inji na gaske, sai an haura digiri 120 kafin ya tafasa. Roba ko sifirin ɗin murfin ya mutu? Ka koma 100. Idan a Jos kake ma ƙasa da haka, saboda tudu.

7/
Shi kuma gaskit aiki uku yake yi lokaci guda: ya hana wutar silinda fita, ya hana ruwa shiga silinda, ya raba ruwa da baƙin mai. Shi ya sa idan ya ɓaci alamominsa ba iri ɗaya ba ne. Ya danganta da inda ya fashe.

8/
Yanzu ga inda nake da ja. Gaskit galibi sakamako ne, ba dalili ba. Zafi ne ke ƙona shi. Tof ɗin yawancin motocinmu na alminiyam ne, zafi ya yi yawa sai ya ɗan lanƙwashe, gaskit ya rasa abin da zai kama. Ke nan ko da ya ƙone ɗin, tambayar farko tana nan: me ya kawo zafin? Ka canza gaskit ba ka amsa wannan ba, za ka sake canza wani.

9/
Idan matsala ta fara bayan gyara, hankali ya ce a fara duba abin da hannu ya taɓa. Ba zargin kowa ba ne. Ko likita ya yi maka tiyata ka fara zazzaɓi, wurin ɗinkin zai fara dubawa.

10/
Na farko, kuma wallahi shi ya fi yawa a abin da na gani: iska. An zubar da ruwa an sake zubawa, ba a fitar da iskar da ta maƙale ba. Iska ba ta ɗaukar zafi kamar ruwa. Ta taru a saman tof, wurin ya yi ta gasuwa. Allura ta hau, ta sauka, ta sake hawa kamar mai rawa. Wani lokaci ka ji ƙarar ruwa ƙul-ƙul a bayan dashbod.

11/
Masu Peugeot 406 sun san wannan karatun. Tana da ƙananan notuka na musamman na fitar da iska, idan ba a buɗe su ba lokacin cika ruwa, sai ta wahalar da kai. Motoci nawa aka sauke wa tof a banza saboda yaron gareji ya cika ruwa ya rufe murfi ya ce "an gama Oga"? Allah kaɗai ya sani.

12/
Na biyu: fanka. An cire lagireto dole an zare soket ɗin fanka. An mayar? An mayar da na sansa? Fiyus da rile suna nan lafiya? Akwai ma wanda za a yanke waya a haɗa ta a juye, fanka tana juyawa, kana jin ƙararta, amma iskar baya take turawa. Ka sa takarda a gaban lagireto: ya kamata fanka ta zuƙe ta, ba ta ture ta ba.

13/
Sai tamostat da aka sa a juye (ɓangaren sifirin inji yake kallo), ko sabo na jabu da ba ya buɗewa. Sai bel da bai ɗauru ba. Sai kilif ɗin tiyo da ba a matse ba, yana ɗigar da ruwa sai inji ya yi zafi, ruwan ya bushe kafin ka gani. Sai lagireto na Baljiyam da aka wanke bayansa yana ƙyalli, cikinsa a toshe.

14/
Motar da kanta tana ba da labari idan ka lura da LOKACIN da take zafi. Wannan kyauta ne, ba ka buƙatar na'ura.

Tana zafi a gosulo, ka hau titi ta huce? Iska ce ba ta ratsa lagireto. Duba fanka.

Tana lafiya a cikin gari, sai a doguwar hanya ko hawan tudu take zafi? Ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata. Lagireto ya toshe, ko famfo ya gaji.

15/
Tana zafi cikin 'yan mintuna da tayarwa, tiyon ƙasa kuma sanyi ƙalau? Ruwa ba ya zagayawa ke nan: tamostat ya ƙi buɗewa, ko iska ta tare hanya, ko famfo ba ya turawa. Har yanzu ba mu zo kan gaskit ba fa.

16/
To yaushe ne ya kamata zuciyarka ta fara bugawa? Ga alamomin da ni nake ɗauka da nauyi. Ruwa yana raguwa kullum, ka duba ƙarƙashin mota babu ɗigo ko ɗaya. Ruwan nan ba aljanu ne ke sha ba, wani wuri yake zuwa.

17/
Da safe inji da sanyi, ka buɗe murfi, ka tayar, ka ga kumfa tana tasowa ba ta yankewa. Kumfar iskar da ta maƙale tana fita ta ƙare. Kumfar gaskit ba ta ƙarewa, ka taka totur ta ƙaru, saboda hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa.

18/
Tiyon sama ya yi tauri kamar taya minti ɗaya ko biyu da tayarwa, tun inji bai ɗumama ba. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, mai ɗan ƙamshin zaƙi, wanda ba ya tsayawa ko an yi tafiya. Inji yana karkarwa da safe sannan ya daidaita. Ka cire fulogi huɗu, uku da datti, ɗaya fes kamar an wanke shi: tururi ne ya wanke shi.

19/
Sai shahararriyar alama: baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Amma a nan ma a yi hattara ta fuska biyu. Gaskit yana iya ƙonewa mai yana nan tsaf, idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ya fashe. Kuma ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin mai zai iya zama raɓa kawai, musamman da sanyin hunturu ga motar da ba ta wuce gida zuwa kasuwa.

20/
Haka farin tururi da safe a watan Janairu. Kowace mota tana yi. Idan ya ɓace bayan minti biyar, ka kwantar da hankalinka.

21/
Duk waɗannan alamomi ne, ba hukunci ba. Hukunci na gwaji ne, kuma gwaje-gwajen ba na masu kuɗi ba ne kaɗai. Akwai wani ruwa shuɗi da ake zubawa a ɗan bututu a ɗora a bakin lagireto. Idan hayaƙin inji yana cikin ruwan mota, sai shuɗin ya koma rawaya. Minti goma. Ba a kwance noti ko ɗaya ba.

22/
Akwai gwajin kamfireshan: a cire fulogi, a auna ƙarfin matsin kowace silinda da geji. Ba lamba ɗaya ake kallo ba, bambanci ake kallo. Idan silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, sauran suna sama, to gaskit ya fashe a tsakaninsu, wannan kusan sa hannu ne.

23/
Akwai kuma famfon hannu da ake bugawa lagireto iska a ga ko matsin zai tsaya. Ya sauka? Akwai yoyo, a nemo shi. Da shi ake gwada murfin ma. Wanda ya fi duka kaifi shi ne a hura iska cikin silinda ta ramin fulogi a kalli bakin lagireto. Kumfa ta fito, magana ta ƙare.

24/
Gaskiya ɗaya: shuɗin ruwan nan yana iya kuskure ƙaramar ɓaraka, irin wadda ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki kaya. Shi ya sa nake cewa gwaji biyu su yarda da juna kafin a yanke hukunci, ko dai a wanke gaskit ko a kama shi.

25/
Na san abin da za a ce a ƙasan zaren nan. "Ɗan boko, Oga ya shekara ashirin yana wannan aikin, kai da littafi za ka koya masa?" A'a. Ƙwarewarsa gaskiya ce, kuma sau da yawa cankarsa tana faɗawa daidai. Amma idan ta kuskure, aljihun wa zai yi kuka? Kuma idan shi ne ya yi gyaran farko, ko yana da tsoron Allah kamar me, ya fi masa sauƙi ya ce gaskit ne da ya ce "yarona bai fitar da iska ba." Ɗan Adam ne. Gwaji yana kare shi ma, ya huta da zargi.

26/
Wani zai ce kayan gwajin ba kowane gareji ke da su ba. Haka ne. Amma garejin da zai iya sauke tof ya mayar, ya isa ya mallaki gejin kamfireshan. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba injin da ba a samu, ƙaramin geji ne zai gagara? Ba tsada ce matsalar ba. Mu masu mota ne ba ma tambaya, shi ya sa ba a saya.

27/
Yanzu bari in taɓo wanda zai jawo min zagi: cire tamostat. "Wannan na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu." An cire, an haɗa fanka dairek, tana juyawa daga ka murza makulli. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

28/
Tamostat ba ya ƙara zafi. Yawanci tsakanin digiri 80 da 90 yake fara buɗewa, ya buɗe gaba ɗaya kafin a kai inda ake tsoro. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana haura 40, gaskiya ne, amma 40 ina, 90 ina? Motocin nan a Dubai da Saudiyya da tamostat ɗinsu suke yawo.

29/
Cire shi me yake yi? Inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da zuba fetur da yawa. Da tsadar man nan. Sannan a injuna da yawa tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai je lagireto ba. Ka cire shi, hanyar ta zauna a buɗe. Mafi muni, ya rufe maka asalin ciwon na ɗan lokaci, sai ranar da ka ɗauki hanyar Abuja ya dawo da ƙarfinsa.

30/
Kada kuma mu ɗora komai a kan kanikawa. Mu ma muna da namu. Allura ta shiga ja, mutum ya ce "bari in lallaɓa in ƙarasa gida, saura kaɗan." Wannan lallaɓawar ita ce take mayar da matsalar soket ɗin fanka ta zama matsalar tof. 'Yan mintuna a cikin ja sun isa. Ka kashe AC, ka gangara gefe, ka kashe inji. Ɗaurin auren zai yiwu ba da kai ba.

31/
Kuma don Allah kada ka buɗe murfi da zafi. Ruwan da ke ciki ya haura digiri 100, matsi ne ke riƙe da shi, kana buɗewa zai tashi a fuskarka. Kada ka kwara wa inji ruwan sanyi a kai, ƙarfe mai zafi yana tsagewa. Ka jira aƙalla rabin sa'a.

32/
Sai ɗabi'ar cika lagireto da ruwan burtsatse ko fiya wata shekara da shekaru. A gaggawa ba laifi. A matsayin dindindin kuwa, tsatsa da ƙanzo ne kake tarawa, su toshe siraran hanyoyin lagireto, su cinye famfo. Ruwan sanyaya inji na galan ba don ƙanƙarar Turai kawai aka yi shi ba, yana da maganin tsatsa a ciki.

33/
To a ce an gwada, ya tabbata gaskit ne. Har yanzu aiki bai ƙare ba, a nan ma ake yin ɓarnar da ke sa mota ta dawo bayan wata biyu. Tof ɗin da aka sauke dole a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe da siririn ma'auni. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba. Sirantar gashin kai ke nan. Ba ido ne zai gane wannan ba, ba kuma shafa tafin hannu ba.

34/
Ya lanƙwashe, a kai shi a fere. A duba ko ya tsage, domin tsagaggen tof alamominsa sak na gaskit ne. Sannan ɗaurin notuka: akwai tsari, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ba a sa bututu a hannun sifana a hau kai ana nishi ba. Wasu notukan ma sau ɗaya aka yi su a ɗaure, suna miƙewa, sai dai sababbi.

35/
Masu Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake ce wa Big Daddy, mai silinda huɗu: injin nan na 2AZ an san shi da zarewar zaren ramukan notukan tof a jikin injin, musamman na baya. Idan ba a gyara ramukan ba, ka sa gaskit goma, noti ba zai riƙe ba. Ka tambayi bakanikenka ko ya duba wannan kafin ya rufe.

36/
Kuma a guji gam ɗin nan da ake lafta wa gaskit ta ko'ina "don ya ƙara kamawa." Gaskit na ƙarfe na motocin zamani a bushe ake sa shi, a kan fuska mai tsabta. Gam ɗin da ya matso ya faɗa hanyar ruwa, lagireto zai je ya toshe.

37/
Yadda za ka yi magana a gareji ma yana da tasiri. Ka shiga da "kun ɓata min mota," ka rufe ƙofar gaskiya. Gwada haka: "Oga, don Allah kafin a sauke tof a fara fitar da iska, a duba fanka da murfi. Idan ba ta daina ba a yi kamfireshan a gabana, ni zan biya kuɗin gwajin." 'Yan'uwa mata, ke ma haka za ki faɗa, kada "Hajiya ba za ki gane ba" ta sa ki yi shiru. Idan ya ƙi gwajin gaba ɗaya, a jawo motar zuwa wani wuri. A JAWO, ba a tuƙa ba.

38/
Bayan an gama aikin: a canza baƙin mai da filta idan ruwa ya taɓa shiga, a nuna maka tsohon gaskit ka ga inda ya fashe da idonka, a bar motar tana aiki a gareji har fanka ta kama ta saki da kanta sau biyu. Sati na farko kuma kullum da safe, kafin ka tayar, ka duba ruwa. Ya ɗan sauka rana ta farko ya tsaya, ragowar iska ce ta fita. Yana ci gaba da sauka har rana ta uku, ka mayar musu da ita tun allura ba ta motsa ba.